Rumbu Biyu, Manomi Ɗaya

Tun ranar 17 ga Nuwamba 2015, da Shugaba Muhammadu Buhari ya zo jihar Kebbi ya ƙaddamar da shirin Babban Bankin Najeriya na ba manoman shinkafa bashin iri da taki, noman fadamar Rima ya samu sabon ma'aikaci wanda ƙafarsa ba ta taɓa laka, wato mai tsaron rajista. Shirin ya ce manomi ya shiga ƙungiya, ya buɗe asusun banki, ya kawo lambar BVN, a auna gonarsa. Ba a cika shekara biyu ba, a Agustan 2017, aka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu, ga na Labana a Birnin Kebbi, kowanne yana sayen shanshara daga hannun ɗimbin mutane. Abin da sakataren ƙungiya ya saba riƙewa a ka, ko a littafi mai bangon kwali, ya tashi ya koma cikin kwamfuta.

Ina cikin masu wannan tsaro. Sana'ata rubuta manhaja, kuma ni ke kula da rajistar wata gamayyar ƙungiyoyin manoma mai ofis a Birnin Kebbi da wurin awo a Argungu. Ina so in ba mai karatu labarin wani ɓangare na aikin da ba a ganinsa sai ranar da ya lalace.

Abin da muke kira rumbun bayanai tarin jadawali ne kawai. Akwai jadawalin manoma: kowane mutum da layinsa, kowane layi an yanka shi gurbi-gurbi, na suna, na ƙauye, na lambar waya, na faɗin gona. Akwai na kayan da aka raba, wa ya karɓi buhu nawa na taki da kilo nawa na iri. Akwai na shansharar da ta hau sikeli. Abin da ke ɗaure su wuri ɗaya shi ne lambar da aka ba kowane manomi, don suna ba ya raba gardama. A Augie kaɗai kana iya cika mota da masu amsa sunan Abubakar Muhammad. Wani ma'aikacin kamfanin IBM, Edgar Codd, ya shimfiɗa wannan dabara a 1970, kuma har gobe a kanta akasarin bankuna da makarantu da asibitocin duniya suke ajiye lissafinsu.

Kowane gurbi yana da sharaɗinsa. Wannan lamba kawai yake karɓa, wancan rubutu, wancan kwanan wata. Wannan ba a barinsa fanko. Sunayen gurabe da sharuɗɗansu su ne zubin rumbu. Abin da aka zuba a ciki kuma shi ne bayanai. A riƙe wannan bambanci, don a kansa komai ya rataya.

Manhaja ba a gama ta. A farkon 2023, da sauyin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta yi wuyar gani, masu sayen shanshara suka koma biya ta banki, dole rajista ta samu gurbin lambar asusu da na sunan banki cikin gaggawa. Gobe kuma wani abu ne daban. Irin wannan sauyi ba a gwada shi a kan rumbun da akawu yake rubutu a ciki alhali buhu na kan sikeli, manomi na tsaye yana jiran takardarsa. Shi ya sa ake da rumbu biyu. Rumbun gwaji yana cikin kwamfutata, in fasa, in gyara, ba wanda ya yi asarar ko tiya ɗaya. Rumbun aiki yana can kan wata babbar kwamfuta da muke haya, shi ne mai rai.

Ranar da aka kafa su iri ɗaya suke sak. Daga nan sai su fara rabuwa a hankali. Wani ya shiga rumbun aiki da daddare ya faɗaɗa gurbi saboda wani suna ya ƙi shiga, bai gaya wa kowa ba. Wani ya ƙara gurbi a na gwaji ya manta bai kai shi can ba. Ko kuwa ba wanda ya taɓa komai, injin da ke riƙe da rumbunan ne ba sa'ar juna ba, ɗaya sabon fita, ɗaya tsoho. Da zarar sun rabu, gwaji ya zama ƙarya: abin da ka gwada daban, abin da mutane ke amfani da shi daban.

Da na karɓi wannan rajista daga hannun wanda ya fara gina ta, ƙarar farko da ta iso ni daga Argungu ita ce ta sunaye. Takardar awo ta fito, duk mai suna Ɗahiru ya koma ?ahiru, Ƙasimu ya koma ?asimu. A kwamfutar gwaji kuwa lafiya lau, kowane ƙugiya na wurinsa. Dalilin ba ya ganuwa a fuskar manhaja. Rumbunan biyu duka a kan injin MySQL suke, amma na gwaji a kan wanda ya fito a 2018, wanda tun daga masana'anta yake karɓar haruffan duniya baki ɗaya. Na aiki kuwa a kan tsoho, wanda in ba a ce masa komai ba haruffan Yammacin Turai kawai ya sani. Babu ɗ a cikinsu, babu ƙ, babu ɓ. Duk harafin da bai gane ba sai ya dangwala alamar tambaya ya wuce.

Da a takarda abin ya tsaya, da dariya za a yi. Amma akawu ya nemi Ɗahiru, kwamfuta ta ce babu shi, sai ya rubuta Dahiru ba ƙugiya ya buɗe masa sabon layi. Mutum ɗaya ya zama biyu: bashin taki na kan wancan, shansharar da ya kawo don biya na kan wannan. A rajista, dattijon da ya sauke nauyinsa tsaf yana cikin waɗanda suka ci bashi suka yi shiru. Kuma harafin da ya riga ya koma alamar tambaya ya tafi ke nan, kwamfuta ba ta san Ɗ ne ko Ƙ ba. Da ido aka bi su ɗaya bayan ɗaya, tare da shugabannin ƙungiyoyi da suka san mutanensu.

Lambobi ma suna da nasu tarkon. Lambar waya a Najeriya da sifili take farawa, lambar asusu mai alƙaluma 10 ma sau da yawa haka. In gurbin na rubutu ne a gwaji amma na lissafi ne a aiki, sifilin gaba zubewa yake, don a ilmin lissafi ba shi da daraja. Akwai ma abin da ya fi wannan ban haushi. Gurbin lissafi na yau da kullum ba ya ɗaukar abin da ya wuce 2,147,483,647, kuma tsohon inji in ka ba shi abin da ya fi haka, ba ya ƙi, sai ya datse shi ya ajiye wannan adadin. Na taɓa buɗe rajistar wata makaranta na iske iyayen yara kaf lambar wayarsu ɗaya, 2147483647.

Ƙa'idar da nake aiki da ita ba ta da tsawo. Zubi haurawa yake, daga gwaji zuwa aiki. Bayanai gangarowa suke, daga aiki zuwa gwaji. Ba a juya su. Gulbin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Argungu ya wuce Birnin Kebbi ya nufi kogin Kwara, shi ke kawo kansa, ba mai tura shi. Wanda zai haura kuwa sai da jirgi da filafili, da niyya, kuma ya san abin da ya ɗauko. Bayanai su ne ruwan. Zubi shi ne kayan cikin jirgin.

A ɗauki haurawar tukuna, don ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Duk sauyin da za a yi wa zubi, komai ƙanƙantarsa, ba a yinsa da hannu. Rubuta shi ake a matsayin gajeren umarni, a ba shi lamba, a ajiye shi tare da manhajar a cikin Git, kundin nan da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005 wanda ke tuna wa ya canza me, kuma yaushe. A ce sauyi na 30 ya ƙara gurbin lambar asusu, na 31 ya ce gurbin na rubutu ne mai alƙaluma 10. Shi kansa rumbun yana da wani ɗan jadawali da yake rubuta inda ya kwana. In na gwaji yana kan 31, na aiki yana kan 29, ba sai na tuna komai ba: manhajar sauyi za ta duba, ta zartar da 30, ta bi da 31, ta rubuta. Kayan wannan aiki sun daɗe a kasuwa kuma akwai na kyauta. Liquibase tun 2006, Flyway tun 2010, masu aiki da Django ko Laravel kuwa nasu a ciki yake zuwa. Sharaɗi ɗaya ne mai tsauri: sauyin da ya riga ya hau ba a komawa a goge shi a gyara. In an ga kuskure, sabo ake rubutawa ya warware. Flyway har hatimin kowane umarni yake ajiyewa, in ka taɓa tsoho ya tsaya cak ya ƙi ci gaba. Samarin da ke koyon aiki a wurina suna jin haushin wannan taurin kai. Ni kuwa shi na fi so a jikinsa.

Kada a ɗauka mantuwa ciwon ƙananan ofisoshi ce. A ƙarshen Yulin 2012, kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya ɗora sabuwar manhaja a kan manyan kwamfutocinsa takwas, da hannu. Bakwai suka samu, aka tsallake ɗaya. Ranar 1 ga Agusta, cikin minti 45 kamfanin ya yi asarar sama da dala miliyan 400. Nasu manhaja ce ba jadawali ba, amma cutar ɗaya ce: abin da ya kamata ya zama iri ɗaya an bar shi a hannun tunanin mutum.

Akwai wasu ƙananan jadawali da ke bin zubi su haura tare, saboda ba akawu ke rubuta su ba: sunayen ƙananan hukumomi 21 na jihar, gundumominsu, nau'o'in iri irin su FARO 44 da manoma ke kira sipi. Farashin buhu ba ya cikinsu, ko da yake na sha ganin an cusa shi. Farashi na kasuwa ne, daga can yake gangarowa.

Ƙara gurbi abu ne mai sauƙi. Cirewa ko canza masa suna shi ne mai haɗari, musamman a wurinmu. Malaman gona suna shiga fadama da wayoyinsu inda babu sabis, su yi kwanaki suna tara bayanai, sai sun fito gari wayar ta aika. In na canza sunan gurbi yau, wayar da ta fito jibi tsohon suna ta sani, rumbu kuwa zai mayar mata da kayanta. Don haka sannu ake bi. A buɗe sabon gurbi a gefen tsohon, a kwashe abin da ke ciki a zuba, a bar su biyun suna aiki har sai kowace waya ta karɓi sabuwar manhaja, sannan a rufe tsohon. Abin da umarni ɗaya zai yi cikin daƙiƙa ya zama aikin makonni, kuma haka ya kamata.

Sai gangarowa. Hanya mafi sauƙi ita ce a kwashe rumbun aiki gaba ɗaya kowane dare a juye a na gwaji. Tana aiki muddin rajistar ƙarama ce. Da hotunan manoma suka shiga, da awon kakar bara da ta bariya, sai ka ga kana sayen data don ka sake sauke abin da ka riga ka mallaka, in wuta ta ɗauke ko sabis ya yanke a tsakiya kuma ka koma farko. Alhali a ce layi dubu hamsin ne, watakila ɗari biyu kawai suka motsa tun jiya.

Maganin shi ne kowane layi ya riƙe lokacin da aka taɓa shi na ƙarshe. Sai rumbun gwaji ya ce, ba ni abin da ya canza tun ƙarfe kaza na daren jiya, shi ke nan. Wurare biyu ake tuntuɓe. Na farko, agogon da za a yarda da shi na babbar kwamfuta ne, ba na waya ba. Wayar da batirinta ya mutu a fadama tana iya farkawa a wata shekarar da ta shuɗe, layin da ta rubuta ba zai taɓa fitowa cikin sababbi ba. Na biyu, layin da aka share ba ya ɗaga hannu ya ce an share ni. Shi ya sa ba ma sharewa, sai dai a sa masa alamar an soke, da ranar da aka soke. Wannan ma ya yi daidai da yadda ya kamata a riƙe dukiyar jama'a, don mai binciken kuɗi zai so ganin abin da aka soke fiye da abin da aka bari.

Duk da haka wani abu kan sulale. Don kama shi ba sai an karanta layi-layi ba. Ana yanka jadawali kashi-kashi, a ce layi dubu-dubu, a tace kowane kashi ya zama 'yar gajeriyar lamba, wadda ko harafi ɗaya aka canza ita ma za ta canza. Can su fitar da nasu, nan mu fitar da namu, a gwada. Inda suka dace a wuce, inda suka saɓa shi kaɗai za a sauke. Irin wannan dabara ce Andrew Tridgell ya gina manhajar rsync a kanta a Ostareliya a 1996, kuma kamfanin Percona yana da kayan da ke yi wa jadawalin MySQL haka. Manyan bankuna sun wuce nan, suna karanta kundin da rumbu ke rubuta kowane motsinsa su aika nan take. Injin rumbu na PostgreSQL ya saka irin wannan a jikinsa tun 2017. Ga ƙungiyar manoma, a ganina, ɓarnar kuɗi ce. Rumbun gwaji ba ya bukatar awon da aka yi minti biyar da suka wuce. Ba ya ma bukatar manoman duka. Gunduma ɗaya nake ɗauka da duk abin da ya rataya a kanta, bashi da awo da biya, sau ɗaya a mako. Abin da nake nacewa a kai shi ne munanan layuka su shigo: Mu'azu da Sa'idu masu ɗigon da ke karya manhajar da aka rubuta da gaggawa, manomin da ba shi da waya, matar da aka yi wa rajista da lambar mijinta, wanda ya rasu da bashi magada suka ci gaba da biya. Gwajin da aka yi da layuka masu tsabta ba ya kama komai.

Kuma ba tsirara bayanai ke gangarowa ba. Kwamfutata tana hawa kabu-kabu, tana kwana a gida, ana iya sace ta. Ba dalilin da zai sa BVN da lambar asusun dubban mutane su kasance a ciki. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023, ta ɗora wa mai riƙe bayanan mutane alhakin tsare su da kuma amfani da su don abin da aka karɓe su kawai. Manomi bai ba da BVN ɗinsa don in gwada manhaja ba. Saboda haka tun a can babbar kwamfutar ake ɓad da kama, kafin komai ya fito: a musanya sunaye da na bogi masu ƙugiya da ɗigo, a maye lambobi da waɗanda ba na kowa ba amma tsawonsu ɗaya. Da wannan kwafin ake gwada gajerun lambobin da na ambata. Ko ba doka ma, hankali ya isa. A ce ina gwada saƙon da ke cewa an biya ka kuɗin shanshararka, lambobin kuwa na gaske ne. Kafin hantsi ƙofar ofis ta cika.

Hatsari na ƙarshe shi ne rumbunan biyu a ido kamarsu ɗaya. Ranar 31 ga Janairu 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab, cikin dare da gajiya, yana ƙoƙarin daidaita rumbun aikinsu da mataimakinsa. Ya yi niyyar share mataimakin ya sake cika shi, ashe tagar da yake ciki ta babban ce. Kafin ya tsayar da umarnin, kusan gigabait 300 sun tafi. Aka duba hanyoyin ajiyar ko-ta-kwana aka iske ba sa aiki yadda aka zata. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka awa shida kafin nan, don amfanin rumbun gwaji. Bayanan awa shida suka salwanta, suka kuma yi aikin farfaɗowar a bainar jama'a a YouTube. Sa'a suka yi, don kwafin da aka ɓad da kamarsa kamar nawa ba zai maido da ko manomi ɗaya ba; ajiya daban take, kuma sai an riƙa gwada buɗe ta. A wurina tagar rumbun aiki ja ce zur, ta gwaji kore, kuma mabuɗin da ke cikin kwamfutata na yau da kullum karatu kawai yake iyawa a can, ba ya rubutu.

Wannan mabuɗi shi ya haɗa ni da shugaban gamayyar, dattijon da ya girmi mahaifina.

"Kai ɗana, wagga rajista tamu ta ko taka ta?"

"Taku ta, Baba, ranka shi daɗe."

"To mi yah hana in mutum ya zo gabana da kuskure ga sunanai, in sa a gyara nan take?"

Gaskiya ce ya faɗa, kuma ba zubi yake son taɓawa ba, layi ɗaya ne. Sai na gina wa akawu shafin gyara a cikin manhaja, wanda ke canza suna ko ƙauye ya kuma rubuta wa ya gyara, yaushe, da abin da ke wurin a da. Babban mabuɗin da ke iya canza zubi muka rubuta a takarda, aka liƙe a ambulan, Baba da ma'aji suka sa hannu a baki, don ko na bar aikin ko ta Allah ta kasance, ƙungiya ba ta rasa hanyar shiga kayanta ba.

Yanzu haka akwai sauyin da ke jira. Masu saye suna rage kuɗi in shanshara ba ta bushe ba, manoma kuma suna so a riƙa rubuta ma'aunin danshi a kan takardar kowa, don a daina musu a bakin sikeli. Na rubuta umarnin, ya zauna daram a rumbun gwaji. Baba ya so ya hau tun makon jiya. Na roƙe shi a bari sai an tashi daga awon girbin rani, a yi shi da daddare bayan an ɗauki ajiya, ranar da ba mota ko ɗaya a layi a Argungu. Ya ce ya ji, amma kafin nan akawu ya riƙa rubuta danshin da biro a bayan takarda.